Yadda Ake Ɗaura Rikodar Bugu Mai Allura da Takarda a Kan Kaya Masu Tsada

Taransifoma, babban janareta, injin ɗaukar hoto na asibiti, injin ɗab'i: irin waɗannan kaya sukan iso da fentinsu sumul, akwati ko tsaga babu, alhali ciki ya riga ya taɓu. Sai an haɗa an kunna, watakila bayan wata biyu, matsala ta fito. A nan kamfanin jirgin ruwa zai ce shi lafiya ya sauke, mai tirela ya ce haka aka ɗora masa, inshora kuma ta ce a kawo shaida. Rikodar bugu ita ce shaidar.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. A cikin akwatinta akwai 'yan ƙarafa masu nauyi guda uku, kowanne a kan sifirin, kowanne da allurarsa. Ɗaya na jin bugun gaba da baya, ɗaya na gefe da gefe, na ukun na sama da ƙasa. Agogo na jan doguwar takarda a hankali ƙarƙashin alluran. Idan tafiya lafiya, layi uku miƙaƙƙu za ka gani. Idan kaya ya sha bugu, allura ta yi tsalle ta bar zane, tsawon zanen kuma shi ne ƙarfin bugun. Ana auna shi da g, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Bugun g 3 na nufin a wannan ɗan lokaci kayan ya ji ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau uku. Ka ƙiyasta wannan a kan taransifomar tan 60.

Akwai na lantarki, irin su ShockLog, kuma sun fi ta daidaito: suna rubuta rana da minti, da tsawon lokacin da bugun ya ɗauka, wasu har da wurin da abin ya faru. Ba na kushe su, kuma a kan kaya mai tsadar gaske nakan haɗa biyun. Amma ta lantarki sai da kwamfuta, da wayar haɗawa, da manhajar kamfaninta, da wanda ya iya. A bakin ƙofar tasha da yamma, direba na gaggawar fita, babu ko ɗaya cikin waɗannan. Mai takarda kuwa murfi kawai za a buɗe, direba da ejan da mai kaya duk su gani da idonsu, su sa hannu a kanta. Gani ya kori ji. Ƙari a kan haka, allurar ba ta buƙatar wuta. Ko agogon ya tsaya, za ta ci gaba da karce wuri guda, ka rasa lokaci amma ba ka rasa girman bugun ba.

Kayan aiki

Rikodar kanta, irin su Impact-O-Graph, guda biyu idan kayan babba ne. Naɗin takardarta sabo, da wani na ajiya. Sabon batir idan agogonta na batir ne, ko makullin wani idan ta sifirin ce. Noti da kusoshi masu zare, da wasa (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti), da sifana. Farantin ƙarfe mai kauri, idan babu wurin ɗaurawa a jikin kayan. Hatimin waya mai lamba, ka sayi da yawa domin kowace buɗewa tana cin guda. Alamomin bugu na mannawa irin su ShockWatch, da alamar karkacewa irin TiltWatch. Biro, alƙalamin maka mai kauri, rula, tocila, waya mai kamara wadda agogonta ke daidai. 'Yan ƙunshin maganin danshi da ake samu cikin kwalayen kayan lantarki. Sai littafi guda na rubuta tafiya, wanda za a ba direba ko mai rakiya.

1. Nemi iyakar bugun daga wanda ya ƙera kayan

Kafin ka taɓa sifana, ka sa a turo maka a rubuce: g nawa kayan nan ke iya ɗauka, ta kowace fuska? Wannan adadi na masana'anta ne, ba naka ba ne, ba na direba ba. Ga manyan taransifomomi adadin ƙarami ne, galibi 'yan g kaɗan, kuma na gaba da baya yakan bambanta da na sama da ƙasa. Akwai ma jagora ta musamman, IEEE C57.150, a kan jigilar taransifomomi daga kVA 10,000 zuwa sama, injiniyan mai kaya zai san ta.

Da wannan adadin za ka zaɓi ma'aunin rikoda. Sabon shiga yakan ɗauka mai babban ma'auni ta fi kyau, a'a. Idan iyakar kayanka g 3 ce ka ɗaura mai auna g 50, bugun da zai kashe kayan ɗan ɗigo zai bari a takarda, kowa ya ce ba komai. Idan kuma ka ɗaura mai g 2, allura za ta riƙa dukan bango tun daga ramin farko, ba za ka bambance bugun g 3 da na g 8 ba. Ni nakan so iyakar kayan ta faɗo wajen tsakiyar ma'aunin ko sama da tsakiya kaɗan.

Wani abin da ke rikita mutane: kaya mai nauyi shi ke buƙatar ma'auni ƙarami. Ƙaramin kwali yana faɗowa daga hannu ya sha g mai yawa ya tsira, amma akwatin tan biyar da ya zame daga ƙugiyar injin ɗaga kaya taƙi guda ya gama lalacewa tun kafin g ta yi nisa.

2. Ƙirga kwanakin tafiya, ka ƙara

Takarda tana ƙarewa. Akwai naɗin kwana 30, akwai wanda ya fi haka. Kayan da aka ɗora a China yakan shafe fiye da wata guda a ruwa kafin ya iso Legas, sannan ga jiran sauka a Apapa ko Tin Can, ga kwastan, ga jiran mota. Idan rikodar kwana 30 aka kunna a masana'anta, takardar za ta ƙare tun kayan na kan teku, kuma sashen da ya fi haɗari, wato saukewa da ƙugiya da hanyar mota zuwa Kaduna ko Kano, zai wuce ba rubutu. Haka yake ga kayan Nijar da ke biyowa ta tashoshin ruwan wasu ƙasashe, irin su Lome.

Mafita biyu ce. Ko ka sa mai sayarwa ya ɗaura mai dogon zango, ko ka shirya wanda zai canza takarda da zarar an ba ku damar isa ga kayan a tasha. Ta biyun ta fi mini, domin tana raba tafiyar gida biyu: takardar farko ta jirgi, ta biyu ta mota.

3. Gwada ta a kan tebur

Sa takarda, kunna agogo, ka bar ta awa biyu ko uku. Duba cewa takarda na tafiya, kuma alluran uku duk suna zane, kowace a kan layinta na tsakiya. Sannan ka ɗan buge ta da tafin hannu ta fuska uku, ka ga kowace allura ta amsa ta koma mazauninta. Wadda ta maƙale ko ta koma gefe, kada ka lanƙwasa ta da hannu, ka ajiye na'urar ka ɗauki wata. Duba kuma takardar gwajin daidaitonta daga kamfani. Sifirin na gajiya da shekaru, kuma lauyan ɗaya ɓangaren abin da zai fara tambaya ke nan.

4. Ɗaurawa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi ɓata shi.

Rikoda ba ta san kayan ba, abin da take zaune a kai kaɗai take ji. Don haka a jikin kayan za ka ɗaure ta, a kan ƙarfe mai ƙarfi da ba ya lanƙwasa: gangar jikin taransifoma, ko ƙarfen da janareta ke zaune a kai. Manyan kaya sukan zo da wurin da masana'anta ta tanada, shi za ka nema tukuna. Kada ka ɗaura ta a jikin kwantena ko dandamalin tirela ka ce ka auna kaya, motar ka auna. Kada ka ɗaura ta a kan murfin gwangwani mara kauri, ko fanka, ko bututu, ko katakon akwati da ke rawa. Irin waɗannan wurare suna da tasu karkarwar, za su cika maka takarda da zanen ƙarya.

Da noti ake ɗaure ta, a dukkan ramukanta, a matse tam. Ba da igiya ba, ba da salatif ba, ba da roba ba. Wasu don tausayin na'urar sukan sa mata soso a ƙasa. Soson zai shanye bugun da ake so ta rubuta. Wadda aka ɗaure sako-sako kuwa kamar tsakuwa ce a cikin gwangwani, hayaniyar kanta kawai za ta rubuta.

Idan babu ramin noti, kada ka huda jikin kayan, kada ka kira mai walda ya taɓa tankin taransifoma. Ka ɗaure rikodar a kan farantin ƙarfe, farantin kuma ka maƙale shi da notin da ke jikin kayan tun asali, ko da matsi na ƙarfe. Ka nemi yardar injiniya kafin ka kwance kowane noti.

Kibiyar da ke jikin na'urar ta bi tsawon kayan, wato hanyar da mota za ta fuskanta, kuma ta zauna daidai ba karkace ba. Idan aka juya ta, bugun birki zai fito a layin gefe da gefe, a yi ta gardama a kan abin da bai faru ba. Ka zana kibiya da maka a jikin kayan, ka ɗauki hoto. Idan guda biyu ne, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, a kusurwoyin da ke kallon juna, domin dogon kaya yakan faɗi ta kai ɗaya, ɗaya kan bai ji sosai ba.

Ka guji wurin da sarƙar ɗaure kaya ko igiyar ƙugiya za ta bi. Ka guji inda rana ke duka kai tsaye, domin zafin Afrilu a arewa na iya taɓa takardar, da inda ruwan sama zai kwanta. Jefa ƙunshin maganin danshi ɗaya a cikin akwatin saboda laimar Legas, amma ka maƙale shi yadda ba zai taɓa allura ba.

5. Rubuta lokacin farawa a kan takardar

Minti ɗaya ne aikin, kuma in ba a yi shi ba duk sauran banza ne. Bayan ka gama matse noti, ba kafin ba, ka ja layi a kan takardar daidai bakin allura. Rubuta rana, wata, shekara, awa da minti, sunan gari, lambar kayan da lambar rikodar. Ka sa hannu, wakilin mai ɗaukar kayan ya sa nasa. Idan a ƙasar waje aka kunna ta, a rubuta agogon wace ƙasa aka bi. Tsakanin China da Najeriya awa 7 ne, kuma awa 7 ta isa ta mayar da laifin tasha kan jirgi.

Ɗauki hoto, rufe murfi, sa hatimi, rubuta lambar hatimin a takardar rakiyar kaya.

6. Manna alamomin waje

Rikoda tana cikin akwati, mai tuƙa motar ɗaga kaya ba ya ganinta. Abin da yake gani shi ne alamar da ke manne a waje, kuma rabin amfaninta ke nan: wanda ya ga ana kallonsa hannunsa na yin sanyi. Alamar ShockWatch ɗan bututu ce da ke komawa ja idan bugu ya wuce iyakarta, kuma ba ta komawa fari. Launin takardarta ke nuna ƙarfinta: rawaya g 25, shunayya g 37, ja g 50, ruwan lemo g 75, kore g 100. Kamfanin yana da jadawali na nauyi da girman akwati, ka bi shi, kada ka zaɓa da ido. TiltWatch XTR kuma tana komawa ja idan aka kwantar da kaya ya kai digiri 80, ta dace da abin da ba a so a kifa shi.

Manna su kusa da kusurwa inda akwatin ya fi tauri, a wuri busasshe mara ƙura, biyu a ɓangarori masu kallon juna. Kowace tana da lamba, ka rubuta lambobin a takardar kaya. Ana sayar da waɗannan alamomi a kasuwa, wanda ya ya da kaya zai iya ɓare ja ya manna sabuwa. Lambar ce ke tona shi.

Idan ba ka samu rikoda ba kwata-kwata, waɗannan alamomi sun fi babu. Sai dai ba su san lokaci ba, don haka dole a duba su a ɗauki hoto a duk inda kaya ya canza hannu. Wata dabara: manna biyu masu ƙarfi daban-daban gefe da gefe. Idan ƙaramar ta yi ja babbar ba ta yi ba, ka san bugun yana tsakaninsu.

7. Littafin direba

Zanen takarda lokaci yake faɗa, ba ya faɗin wuri. Littafin tafiya shi ke cike gurbin. Ka zauna da direba ka nuna masa na'urar, kada ka ɓoye masa. Ni abin da nake ce musu: "Malam, wannan ba don a kama ka ba ce. Idan a tasha aka buga kayan nan, ita za ta wanke ka." Direban kirki yana gane wannan nan take. Ya rubuta lokacin tashi, lokacin tsayawa, garin da ya kwana, inda ya taka birki da ƙarfi, inda ya faɗa rami, inda jami'ai suka sa aka buɗe. Idan rubutu na ba shi wahala, yaron mota ya riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp, lokacin na fita da kansa.

8. Duba a duk inda kaya ya canza hannu

Daga jirgi zuwa tasha, daga tasha zuwa mota, a tashar tudu irin ta Dala a Kano ko ta Kaduna idan ta nan kayan ya bi, sannan a wurin saukewa. A kowanne: duba lambar hatimi, yanke shi a gaban mai bayarwa da mai karɓa, ja layi a bakin allura, rubuta lokaci, su biyun su sa hannu, hoto, sabon hatimi. Kada ka warware naɗin don ganin baya idan na'urar ba ta ba da damar haka ba, abin da ke fili ya isa.

Kuma kada ka cire rikoda don mota ta iso. Sai ƙugiya ta ajiye kayan a mazauninsa na ƙarshe. Ɗagawar ƙarshen nan, da ƙugiyar haya da mutanen da suka gaji, tana cikin wuraren da na fi ganin dogon zane.

9. Karanta takardar

Ja layin ƙarshe, rubuta lokaci, a sa hannu, sannan ka cire. Shimfiɗa ta a kan dogon tebur mai tsabta, kada ka ninke, kada ka bi ta da farce domin matsi ke yi mata zane.

Fara da tabbatar da agogo. Auna tsawon takardar daga layin farko zuwa na ƙarshe, ka raba da awannin da suka wuce. Misali, idan santimita 200 ce cikin awa 100, to santimita 2 ke nan kowace awa, zanen da ke santimita 90 daga farko ya faru a awa ta 45. Idan lissafin bai yi daidai da gudun da kamfani ya rubuta ba, agogo ya yi jinkiri ko ya tsaya a wani wuri, sai ka yi lissafin tsakanin layukan sa hannu, kowane zango daban. Amfanin layukan nan ke nan.

Da sabo za ka fara gane hannun kowane abu. Layi siriri miƙaƙƙe, kaya na ajiye. Layi mai kauri da gashi-gashi a fuskar sama da ƙasa, mota na tafiya a kan hanya mara kyau. Dogon zane guda a sama da ƙasa a tsakiyar layin shiru, wannan ƙugiya ce ta dire kaya da ƙarfi. Dogon zane a gaba da baya, birki ne ko karo, ko haɗa tarago idan ta jirgin ƙasa aka bi. A Amurka ƙa'idar da aka sani ita ce kada gudun haɗa tarago ya wuce mil 4 a awa, kimanin kilomita 6 da rabi, kuma aikin sa ido kan wannan na cikin abin da ya yaɗa irin wannan na'ura.

Ka san iyakarta. Sifirin ba ya bin bugu mai kaifi na ƙiftawar ido yadda na lantarki ke bi, kuma idan karkarwar hanya ta dace da tasa karkarwar yakan ƙara gishiri. Ba ta kuma faɗin tsawon lokacin bugun, alhali shi ke bambance guduma da ta taɓa kusa da na'urar da faɗuwar kayan gaba ɗaya. Shi ya sa guda biyu ke da amfani: idan ɗaya ta yi tsalle ɗayar ko motsi ba ta yi ba, ka fara zargin wani abu ya bugi na'urar ne. Idan duka biyun sun yi zane a awa guda, kayan ne.

10. Idan zane ya wuce iyaka

Zanen da ya wuce iyaka ba ya nufin kaya ya lalace, yana nufin a bincika kafin a kunna. Kada ka mayar da motar da kayan, kada kuma ka sa hannu a kan cewa ka karɓa lafiya. Karɓa, amma ka rubuta a takardar rakiyar kaya cewa rikoda ta nuna bugun g kaza a rana kaza, an karɓa bisa sharaɗin bincike. Direba ya sa hannu. Idan ya ƙi, ka rubuta cewa ya ƙi, shaida ya sa hannu.

A ranar ka aika wa masana'anta, da kamfanin jigila, da inshora sanarwa a rubuce tare da hotuna. Lokacin gajere ne. A ƙarƙashin dokokin Hague na jigilar ruwa, ɓarnar da ba a gani a waje kwana 3 ake ba ta, dokokin Hamburg, su ma na ruwa, kwana 15, yarjejeniyar Montreal ta jigilar sama kwana 14. Wadda ta shafe ka tana cikin takardar jigilarka, amma ka yi aiki da mafi gajarta.

Kada a kwance akwati sai mai binciken inshora ya zo ko ya ba da izini a rubuce. Ga taransifoma, injiniyoyi za su duba ko iskar da aka cika tankin da ita tana nan da ƙarfinta, su auna kariyar ƙarfen ciki da mega, wato na'urar da ke gano ko wuta na zurarewa, su yi gwajin SFRA, mai nuna ko wayoyin ciki sun gusa daga mazauninsu, su kwatanta da wanda aka yi a masana'anta kafin tashi. Saboda haka ka nemi sakamakon gwajin masana'antar tun a mataki na farko.

Asalin takardar kuwa kada ta bar hannunka. Duk mai so, a ba shi hoto ko kwafi. Naɗe ta, sa ta cikin leda mai rufewa, rubuta lambar kayan a waje, ka ajiye a wuri mai sanyi nesa da rana har garantin kayan ya ƙare, ko da layukan uku sun fito miƙe tas, domin masana'anta na iya neman ta ranar da aka kai mata ƙorafin garanti.